Nazarin Lamari: Yadda Wani Yankin Inabi na Tsohuwar Masar Ya Shawo Kan Matsalar Tulu

Wurin da matsalarsa

Wurin da wannan nazari ya shafa wani yanki ne na gonakin inabi da ke gefen reshen yamma na Kogin Nilu, a arewacin Masar, inda kogin yake rarrabuwa kafin ya zuba a Bahar Rum. Rubutun da ke jikin tulunan da suka fito daga can yana kiran wurin Kogin Yamma ne kawai, saboda haka a nan za a riƙa ce masa yankin. Gonakinsa mallakar fada ne da manyan gidajen bautar gumaka, kuma abin da ake matsowa daga cikinsu ba na kowa da kowa ba ne. Talakan Masar giyar hatsi yake sha, giyar inabi kuwa ta sarki ce da fadawansa, ta ranakun biki, ta hadayar gumaka, da ta guzurin da ake binne manya da shi.

Tushen matsalar shi ne nisa da zafi. Inabi ya fi yin albarka a arewa, amma da yawa daga masu buƙatarsa suna kudu, a Abidos da kuma Tibis, wato Luksor ta yau, tafiyar fiye da kilomita 700 a kan kogi. Ana tsinkar inabi a tsakiyar zafi, wajen watannin Yuli da Agusta, kuma ruwan da aka matse a irin wannan yanayi ba ya jiran kowa, domin cikin kwana ɗaya ko biyu yake fara tsimuwa yana kumfa yana fitar da iska. Idan aka toshe bakin mazubi da wuri, iskar ciki ta tsaga shi. Idan aka bar shi a buɗe ya daɗe, iskar waje ta shiga, giyar ta juye ta zama ruwan khal. Mazubin kuma dole na yumɓu ne, tun da Masar ƙasa ce mai ƙarancin katako, kuma gangar itace ba ta yaɗu a ƙasashen Bahar Rum ba sai bayan ƙarnoni masu yawa. Duk wanda ya san randa ya san tana zufa, kuma wannan zufar ce take sanyaya ruwan sha. Abin da yake alheri ga ruwa shi ne asara ga giya, domin ta inda ruwa ya tsatso ta nan iska take shiga. Akwai kuma wata matsala ta daban da ta shafi ma'aji: da zarar an rufe tulu da laka, babu mai iya sanin abin da ke cikinsa, daga ina ya fito, ko shekararsa nawa, sai an fasa.

Wajen shekara ta 3150 kafin Miladiyya: sayowa daga waje

Kurangar inabi ba asalin tsiron Masar ba ce, don haka sarakunan farko sayo giyar suka riƙa yi. Shaidar hakan ta fito a 1988, lokacin da masu tonon kayan tarihi na Jamus a ƙarƙashin Günter Dreyer suka buɗe wani kabari a Abidos, wanda ake dangantawa da sarkin da ake wa laƙabi da Kunama na Ɗaya. An ƙiyasta cewa ɗakunan kabarin sun ɗauki tuluna kusan 700, kowanne na cin lita shida zuwa bakwai, jimilla kimanin lita 4,500. Binciken da Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania ya jagoranta ya gano sinadarin tatarik, wanda shi ne alamar inabi, tare da ƙaron itace. A cikin wasu tulunan an samu ƙwayoyin inabi, a wasu kuma yankakken ɓaure. Binciken nasa ya nuna cewa yumɓun tulunan na ƙasar Falasɗinu da kwarin Jodan ne, alhali lakar da aka yi hatimi da ita ta Nilu ce, abin da ke nuna cewa a cikin Masar aka yi musu rufin ƙarshe.

Wannan hanya ta kai giya kabarin sarki, amma ba ta warware komai ga ƙasar ba. Tulunan ƙanana ne, ana ɗauko su a kan jakuna ta arewacin Sinai kafin su hau jirgin ruwa, kuma ƙaron da ake zubawa don hana lalacewa yana canza ɗanɗano. Fada da ke son giya a kowane biki da kowace jana'iza ba za ta dogara da ayarin jakuna ba har abada. A zamanin daular farko da ta biyu, wato daga wajen 3000 kafin Miladiyya, aka dasa inabi a arewacin Masar inda Nilu yake rarrabuwa, daga nan matsalar tulu ta zama ta gida.

Daga 3000 zuwa wajen 2200: tulun gida na farko

Magina tukwanen Masar sun fito da dogon tulu mai siririn gindi, wanda wasu suka kusa kai mita ɗaya a tsawo. Da hannu ake gina shi, ana ɗora zoben yumɓu bisa zobe, sannan a zagaye kafaɗarsa da cikinsa da ɗamarar yumɓu mai kama da igiya. An samu irinsa da yawa a kaburburan sarakuna da manyan fada a Abidos da Sakkara. Ana kifa wa bakinsa murfi, a lafta masa tulin laka mai tsini, a mirgina hatimi a kai tun lakar tana ɗanya, har sunan sarki ko na wani jami'i ya fito.

Tulun ya yi aiki gwargwado. Ya fi na waje ɗaukar kaya, kuma hatimin ya sa duk wanda ya taɓa kayan sarki sai an gane. A ƙarshen daula ta biyar har jerin hadayar da aka rubuta a dalar Sarki Unas ya ambaci giyar inabi iri biyar, abin da ke nuna cewa sana'ar ta kafu. Sai dai ba shi da mariƙi ko ɗaya, saboda haka sai an saka shi a ragar igiya an rataya a sanda mutum biyu sun ɗauka, kuma tulu mai santsi da nauyi irin wannan yana da wuyar lodi da saukewa a gaɓar kogi. Hatimin kuma yana faɗin mai kaya ne, ba ya faɗin shekarar tsinka ko darajar abin da ke ciki.

Daga wajen 1800 zuwa 1550: zuwan tulun Kan'ana

Gyaran siffa daga waje ya zo. A garuruwan gaɓar Sham, wato ƙasar Kan'ana, an daɗe ana amfani da wani tulu mai mariƙi biyu a kafaɗa, mai ƙaramin wuya da matsattsen gindi, wanda aka yi shi musamman don cikin jirgin ruwa. Irinsa ya riƙa shigowa Masar da giya da mai da ƙaro, musamman ta birnin Abaris da ke gabashin wurin da kogin yake rarrabuwa, inda tonon da Manfred Bietak na Ostiriya ya fara a 1966 ya fito da tarin fasassunsa masu ɗimbin yawa. Birnin shi ne hedikwatar Hiksos, sarakunan da asalinsu daga yammacin Asiya ne, waɗanda suka mulki arewacin Masar daga wajen 1650 zuwa 1550. Da sarakunan Tibis suka kore su suka haɗe ƙasar, sai suka gaji gonakin arewa tare da sanin wannan tulu, kuma a cikin daula ta goma sha takwas magina tukwanen Masar suka shiga yin nasu.

Daga 1550 zuwa wajen 1350: yumɓu, siffa da toshiya

Ba kwaikwayon siffa kaɗai aka yi ba, kuma a wannan mataki ne aka fi yin aiki. Masar tana da yumɓu iri biyu. Na farko shi ne lakar da ambaliyar Nilu take ajiyewa, wadda ake samu ko'ina, tana toyuwa ja ko ruwan ƙasa, amma jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi. Na biyu shi ne yumɓun gefen hamada mai haɗe da farar ƙasa, wanda yake buƙatar wuta mai ƙarfi a matoya, amma idan ya toyu yana fitowa da tauri, ba ya barin ruwa ya tsatsa da sauƙi. An san wannan yumɓu tun da daɗewa, sai dai a wannan zamani ne ya zama abin da aka fi gina tulun giya da shi. Bayan an gina tulun, sai a shafe bayansa da ruwan yumɓu mai launin madara, a goge shi da abu mai santsi har ya yi sheƙi kafin a toya, domin gugar tana danne ƙofofin da ke fatar tulun. Wannan yana nufin sai an yi safarar tuluna wofi zuwa gonaki kafin kaka, tun da ba a kowane wuri ake samun irin yumɓun ba.

Siffar ma kowane sashe nata da amfaninsa. Tsawon tulun yakan wuce rabin mita, mariƙansa biyu suna ba mutum ɗaya damar saɓa shi a kafaɗa, matsattsen gindin kuma ya zama wurin riƙo na uku idan za a tsiyaya. Ba ya tsayuwa da kansa, sai an jingina shi da bango, ko an kafa shi a yashi, ko an ɗora shi a kan mazauni, amma a cikin jirgi da ɗakin ajiya wannan gindin ne yake sa a jera su a matse, kuma a can ne guggubin giya yake kwantawa. Dogon wuya mai ƙaramin baki ya rage faɗin wurin da iska za ta taɓa.

Zanen da ke bangon kabarin wani jami'i mai suna Nakt a Tibis ya nuna aikin kusa da kusa: mutane suna tsinkar inabi a ƙarƙashin rumfar kuranga, wasu suna tattaka shi da ƙafa a cikin kwarami suna riƙe da igiyoyin da aka rataya a sama don kada santsi ya kayar da su, ruwan yana gangarowa ta bututu, ga tuluna jere a sama. A cikin tulun ne tsimuwar take ci gaba, don haka ana barin bakinsa a buɗe na wasu kwanaki har kumfar ta lafa. Daga nan sai a cusa toshiyar ciyawar bakin kogi ko ganye, ko a ɗora ɗan kasko, domin kada laka ta faɗa ciki. Sannan a kawo laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi a lulluɓe baki da wuya gaba ɗaya har zuwa kafaɗa, a buga tambarin gidan da ya mallaki gonar tun tana ɗanya, wani lokaci kuma a yi mata fenti idan ta bushe. A wasu tulunan an samu ƙaramar huda a wuya ko a jikin lakar, wadda aka bari don sauran iska ta fita, aka liƙe daga baya.

Abin da bai yi daidai ba a wannan mataki shi ne lokacin rufewa, domin babu ma'auni sai ido da kunnen shugaban masu aikin inabi. Kuma rufin yana kama tulu sosai, har a wuraren da aka tono an samu lakar rufi da wuyan tulu a maƙale a cikinta, alamar cewa mai buɗewa fille wuyan ya yi gaba ɗaya. Safarar kanta ba ta yi wuya ba, saboda iskar arewa tana tura jirgi mai filafilai zuwa kudu, ruwan kogi kuma yana dawo da shi, ga shi kakar inabi tana faɗowa daidai lokacin da kogin yake cika.

Daga 1390 zuwa wajen 1300: rubutu a kafaɗar tulu

Matsalar ma'aji rubutu ne ya warware ta. Magatakarda yakan rubuta layi biyu ko uku da baƙar tawada a kafaɗar tulun, ya faɗi shekarar sarautar sarki, irin abin da ke ciki, darajarsa idan mai kyau ne ko mai kyau ƙwarai ko mai zaƙi, gidan da ya mallaki gonar, yankin da take, da sunan shugaban masu aikin. Da wannan, ma'aji a Tibis zai san abin da ya karɓa ba tare da ya fasa ba, zai san wanda ya kamata a fara sha, kuma idan kaya ya lalace an san wanda za a tuhuma.

A fadar Malkata ta Amenhotep na Uku, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1352, an tono irin wannan rubutu kusan 1,400 a kan tulunan giya, nama, mai da sauransu, kuma William Hayes ya wallafa su a 1951. Yawancinsu sun taru ne a kusa da shekaru na 30, 34 da 37 na sarautar, wato shekarun da sarkin ya yi bukukuwan sabunta mulki, abin da ke nuna cewa ana haɗa kaya ne don biki a sha a lokacinsa. A Amarna, birnin da Sarki Akenaten ya gina, tulunan giya sun tsaya a shekara ta 17, kuma da su masana suka san iyakar sarautarsa. Haka kuma da aka sake share kabarin Sarki Horemheb a 2006 da 2007, fasassun tulunan da aka samu suna ɗauke da shekara ta 13 da ta 14, suka sa aka rage tsawon sarautar da ake ba shi a da. Tulun da ya zama wofi ba a yar da shi, ana sake cika shi a rubuta sabon bayani, idan ya fashe kuma a yi rubutu a kan tsingaronsa.

Shekara ta 1323 kafin Miladiyya, da 1922 zuwa 2006: gwaji mafi tsawo

Lokacin da aka binne Sarki Tutankamun, wajen 1323, an saka masa tulunan giya 26 masu rubutu, uku a ɗakin gawa, sauran a wani ƙaramin ɗakin ajiya. Yawancinsu daga yankin da muke magana a kai suka fito, kuma shekarun da suka fi yawa a jikinsu su ne ta 4, ta 5 da ta 9. Tun da sarkin ya mutu ne a wajen shekara ta 9 ko ta 10 ta sarautarsa, wasu daga cikin giyar sun kai shekara biyar a tulu kafin a binne su.

Howard Carter, mai tonon kayan tarihi ɗan Ingila, ya gano kabarin a watan Nuwamba na 1922. Giyar ta ƙafe ƙaf, saura busasshen guggubi a gindi, kuma an samu tulunan da suka tsage, aka danganta hakan da matsin iskar tsimuwa. Carter ya ɗauka an shafe cikinsu da ƙaro, amma Alfred Lucas, masanin sinadarai da ya yi aiki tare da shi, ya duba bai ga wani shafe ba. A tsakanin 2004 da 2006 Maria Rosa Guasch-Jané da abokan aikinta a Jami'ar Barcelona suka binciki guggubin, suna neman sinadarin tatarik da kuma sinadarin siringik, wanda yake fitowa daga launin jan inabi. Tulun da ke yammacin ɗakin gawa, mai shekara ta 9, jar giya ce. Na gabas, mai shekara ta 5 daga gonar Tutankamun a ƙarƙashin wani shugaban aiki mai suna Kha'a, fara ce. Na kudu kuma yana ɗauke da wani abin sha mai daraja da ake kira shede, wanda aka daɗe ana zaton na rumman ne, sai binciken ya nuna daga jan inabi aka yi shi. Rubutun kafaɗa bai taɓa ambaton launi ba, don haka wannan ne karon farko da aka tabbatar da farar giya a tsohuwar Masar.

Hukunci

Idan aka auna sakamakon da abin da yankin yake buƙata, an ci nasara a uku daga cikin matsalolinsa, ɗaya kuma, wato tsatsowa da shigar iska, an rage ta ne kawai. Ɗauka da lodi sun warware da mariƙi biyu da matsattsen gindi, kuma wannan aro ne daga Kan'ana wanda Masarawa ba su yi girman kan ƙin karɓa ba. Fashewa ta ragu sosai da jinkirta rufi da barin huda, ko da yake tulunan da suka tsage a kabarin sarki sun nuna cewa ko kayan fada ba su tsira gaba ɗaya ba. Sanin abin da ke ciki ya warware sarai, kuma a ganina nan ne gudummawar Masar ta fi girma, domin siffar tulu kowane magini zai iya kwaikwaya, amma rubuta shekara da gona da sunan mai alhaki a kan dubban tuluna yana buƙatar magatakarda a gona, ma'aji mai iya karatu a fada, da hukumar da take bibiyar kayanta. Hatimin daular farko ya kare haƙƙin sarki ne kawai, rubutun daula ta goma sha takwas kuwa ya ɗora alhakin inganci a wuyan mutum sananne.

Tsatsowa da shigar iska su ne ba a gama da su ba. Yumɓun hamada da guga sun isa su kai giya Tibis lafiya su kuma riƙe ta 'yan shekaru, wanda shi ne abin da fada take nema, amma tulun da ba a shafe cikinsa ba dole ya riƙa shaƙar iska a hankali. Shi ya sa shaidun Malkata da na kabarin Horemheb suka nuna giya mai ƙarancin shekaru, kuma tulu ɗaya na kabarin Tutankamun da ke ɗauke da shekara ta 31, wadda ta wuce tsawon sarautarsa nesa, bai isa hujjar cewa ana tsufar da giya shekaru talatin ba, tun da an saba sake amfani da tsofaffin tuluna. Maganin wannan saura ya yaɗu ne a zamanin Girkawa da Rumawa, bayan shekara ta 332 kafin Miladiyya, lokacin da shafe cikin tulu da ƙaro ya zama al'ada, aka kuma gina manyan matoya a kusa da gonakin da ke kewayen Tafkin Maryut, a wannan ɓangare na yammacin wurin da kogin yake rarrabuwa. Strabo, marubuci Bagirike wanda ya ziyarci Masar wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa giyar wannan tafki tana da kyan da ake iya ajiye ta ta tsufa.